Kalmar "sadden": me take nufi, kuma a ina ake sa ta?

Maman_Iman
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana Turanci ku taimaka min. Mahaifiyar shugabar sashenmu a wurin aiki ta rasu, ita kuma shugabar ba ta jin Hausa, mutuniyar Kalaba ce. An ɗora min rubuta saƙon ta'aziyya a madadin sashen. Na duba irin saƙonnin da ake fitarwa, kusan kowanne da "we are deeply saddened" yake farawa. Na san "sad" baƙin ciki ne, to wannan "sadden" ɗin fa? Ɓata rai take nufi? Don in haka ne, ni dai ban ga yadda za a ce wa wadda aka yi wa rasuwa ranmu ya ɓaci ba, sai ka ce laifi ta yi mana. Tambaya ta biyu kuma: in ƙawata ta yi min abin da ban ji daɗinsa ba, zan iya ce mata "you saddened me"?

Malam_Nahawu
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta haƙurin rashi. "Sad" sifa ce, "sadden" kuma aikatau. Turawa kan liƙa "en" a ƙarshen gajeriyar sifa su mai da ita aiki, ma'anar ta zama sa abu ya koma haka. "Wide" mai faɗi, "widen" faɗaɗa. "Deep" mai zurfi, "deepen" zurfafa. "Short" gajere, "shorten" gajarta. Haka "sad" ta haifi "sadden", wato sa mutum baƙin ciki. Ninka "d" da aka yi don wasalin ya tsaya a gajerensa ne, kamar yadda "red" ta zama "redden", "glad" ta zama "gladden".

Abin da ya fi ma'anar muhimmanci shi ne yadda take zama a jimla. Hanya biyu aka fi binta da su. Ko dai a ce "I was saddened to hear", mutum yana faɗin abin da labari ya yi masa, ko a fara da "it", a ce "it saddens me that". Kuma kalmar takarda ce: wasiƙa, sanarwa, jawabi. Don haka a saƙonki ta zauna daidai, malama.

Ɗan_Fagge
Ashe ma Hausa haka take yi. Fari, faranta. Baƙi, baƙanta. Tsoro, tsorata. Ƙarfi, ƙarfafa. To ai magana ta ƙare: "gladden" faranta rai, "sadden" baƙanta rai.

HajiyaTudunWada
Ba ta ƙare ba ɗana. Baƙanta rai da mai laifi take tafiya. In aka ce yaro ya baƙanta wa uwarsa rai, kowa ya san akwai abin da ya aikata, kuma za a ce ya je ya nemi gafara. Ka taɓa shiga gidan makoki ka ji mai gaisuwa ya ce rasuwar nan ta baƙanta min rai? Cewa ake yi wallahi na ji mutuwar nan, ko jikina ya yi sanyi da na samu labari, ko rasuwar ta girgiza mu. Mutuwa ba a ƙullatar kowa a kanta. Maman Iman ta yi daidai da ta ji abin bai kwanta mata ba.

Tafinta_Kaduna
Hajiya ta taɓo inda aikinmu yake. Na daɗe ina fassara labarai a gidan rediyo, kuma wannan kalmar kullum sai ta zo a sanarwar manya. Ba mu da kalma ɗaya da muke sa mata, abin da ya faru ne yake zaɓar mana. In dattijo ne ya rasu, sai mu ce gwamna ya nuna alhininsa. In hatsarin kwale-kwale ne ko gobarar kasuwa, mu ce ya kaɗu, ko yana jimami. In kuwa akwai sakaci a ciki, misali ɗalibai sun zube a jarrabawa, to takaici ya fi dacewa, don takaici yana ɗauke da cewa da an so da ba a kai ga haka ba.

Baƙin ciki kuwa da taka-tsantsan muke sa shi, saboda fuska biyu gare shi. Ɗauki jimla kamar "he was saddened by his friend's move to London". In ka ce ya yi baƙin cikin tafiyar abokinsa Landan, rabin masu sauraro za su ɗauka hassada yake yi masa, ɗan baƙin ciki ne. Alhali Baturen da ya rubuta kewa yake nufi. Sai ka ce tafiyar ta sosa masa rai, ko bai ji daɗin rabuwar ba.

Ɗan_Fagge
@Tafinta_Kaduna na yarda da batun hassadar. Amma har yanzu in ɗalibi ya tambaye ni kalma ɗaya, baƙanta zan ba shi.

Anti_Malama_SS3
Kafin ku yi nisa, ga gargaɗi ga Maman Iman da duk mai rubuta irin wannan saƙo: a kula da "sadden" da "sudden". Ta biyun kwatsam take nufi. Wasulan Hausa biyar ne, kowanne da gajere da dogo, su kuwa Turawa suna da wasula biyu daban da duk kunnenmu yake ji a matsayin "a". Shi ya sa ɗalibaina suke furta "cat" da "cut" iri ɗaya, "hat" da "hut" iri ɗaya, kuma a nan suke zubar da maki a sashen furuci na jarrabawar WAEC. Abin takaicin shi ne kalmomin biyu a jimla ɗaya suke haɗuwa a sanarwar rasuwa: "saddened by the sudden death". Na taɓa ganin fosta a bakin titi, an buga ta da girma da hoton mamacin, an juya su, kowacce ta zauna a gurbin 'yar uwarta. Iyalan sun kashe kuɗi, kuma ba wanda ya duba musu kafin a buga.

Na biyu, kada a manta da "ed". Ana yawan rubuta "we are sadden" saboda "d" ɗin ƙarshe ba ya fita sosai a baki. Kuskure ne, "we are saddened" ake cewa.

Abba_Kurna
Anti to yaya ake bambanta su a baki?

Anti_Malama_SS3
Ta "sudden" tana kusa da gajeren "a" namu, irin na cikin "daga". Ta "sadden" kuwa sai ka buɗe baki, ka ja leɓe gefe, sautin ya faɗo tsakanin "a" da "e". Buɗe ƙamus na waya mai furuci, ka danna su ɗaya bayan ɗaya kana maimaitawa, kunnenka zai kama.

Ɗan_Maraɗi
Gaisuwa daga Nijar. Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin bai zo mana baƙo ba. "Triste" shi ne "sad", sai a sa "a" a gaba da "er" a baya ya zama "attrister". Kuma sanarwar hukuma a nan ma haka take fita, "profondément attristé", daidai da "deeply saddened" ɗinku. Amma ni kalmar da ban ga kowa ya kawo ba ita ce juyayi. Tsohuwata in ta ji an yi wa wani rashi, cewa take tana juyayin abin. Akwai tausayi a cikinta, kuma akwai jujjuya abin a zuci. A ganina ta fi baƙanta kusa.

Almajirin_Zaure
Bari in kawo ta Larabci, don akwai abin da zai taimaka. Baƙin ciki shi ne "huznu", sa wani baƙin ciki kuma daga wannan tushen ake cirowa. A Suratu Yusuf aya ta 13, da 'yan uwan Annabi Yusuf suka nemi mahaifinsu ya bar su su tafi da shi daji, Annabi Yaƙub ya ce "inni layahzununi an tazhabu bihi". Wasu masu fassara zuwa Turanci da "it saddens me" suka kawo wannan wurin. Ku lura da halin da ake ciki: a lokacin ba su riga sun yi komai ba, bai kama su da laifi ba, rabuwar ce kawai take yi masa nauyi, sannan ya ƙara da cewa yana tsoron kerkeci. Wannan shi ne ainihin inda kalmar take zama.

Amma Hajiya, da girmamawa, a zaure mun sha jin malamai suna fassara wurin nan da yana ɓata mini rai ku tafi da shi. Ke nan ɓacin rai ba kullum yake tafiya da fushi ko zargi ba. Sannan shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta 10 bayan aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Larabawa suna kiranta "Amul Huzni", mu kuma shekarar baƙin ciki muke cewa, ba wanda ya taɓa fahimtar hassada a ciki.

HajiyaTudunWada
Malam na gode, Allah ya ƙara sani. Ban musa ba. Sai dai Hausar zaure daban, ta tsakar gida daban. Yau in ka shigo ka ce min ranka ya ɓaci, abin da zan fara tambaya shi ne wa ya taɓa ka. Ita kuma Maman Iman da mutanen yau take hulɗa.

Sadauki_BG
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ni kalmar nan ta fita daga raina. Duk lokacin da aka kai hari ƙauyukanmu, ko tankar mai ta kama da wuta, ko jirgin ruwa ya kife da 'yan biki, washegari sai ka ga sanarwa: wane is deeply saddened. An binne mutane, an fitar da takarda, shi ke nan sai wani karon. Mutumin da aka ba amanar tsare rayuka ba alhini muke nema a wurinsa ba, alhini namu ne mu da muka yi rashin. Shi bayani muke so daga gare shi: me ya hana a zo da wuri, wa aka kama, me za a gyara.

Malam_Nahawu
@Sadauki_BG Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya kawo mana ƙarshen abin. Maganarka tana da tushe har a nahawu. "I am saddened" jimla ce da ke nuna wanda abu ya faɗa wa, ba wanda ya aikata ba. Mai maganar ya sa kansa cikin waɗanda abin ya shafa. A ta'aziyya wannan shi ne kyawunta, don ba ta nuna kowa da yatsa. A bakin mai alhakin abu kuwa tana iya zama mafaka. Dubi bambancinta da "we failed" ko "I apologise": waɗannan ɗaukar nauyi ne, ita kuwa ba ta ɗauki komai ba.

Zee_Leeds
Ba a Najeriya kaɗai ba ne. A nan Ingila ma haka, saƙonnin da fadar Buckingham take fitarwa in an yi girgizar ƙasa ko ambaliya a wata ƙasa sau da yawa da "deeply saddened" suke farawa, haka kamfanoni in ma'aikaci ya rasu. Ba laifin kalmar ba ne, yawan amfani ne ya cinye ta.

Admin_Sani
'Yan uwa a dawo kan tambaya don Allah. Batun tsaro akwai zaurensa. Baiwar Allah tana jiran abin da za ta rubuta.

Khalifa_04
Me zai hana ta ce "we are depressed"? Ai ya fi nuna abin ya taɓa su sosai.

Nas_Hauwa
A'a ƙanena, kada ta sa wannan. "Depress" asalinta danne abu ƙasa, kuma a yau in aka ce mutum yana "depressed" hankalin mai ji kan tafi ga ciwon damuwa, wanda cuta ce da ake zuwa asibiti dominta. Baƙin cikin rashi abu ne da kowane mai rai yake ji, yana zuwa yana lafawa, mutum yana kuka amma yana cin abinci, yana karɓar gaisuwa. Ciwon damuwa kuwa likitoci suna fara zarginsa ne in mutum ya kai mako 2 ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci ya lalace, abinci ya fita a ransa, wani har ya fara ganin rayuwarsa ba ta da amfani. Ina aiki da irin waɗannan marasa lafiya, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda ake kawo su a makare, bayan an gama cewa rashin tawakkali ne ko aljanu. Akwai asibitocin da aikinsu ke nan: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. In yara suna kiran kowane ɗan ɓacin rai "depression", ranar da mai ciwon gaske ya faɗa ba wanda zai ɗauke shi da muhimmanci.

Khalifa_04
Na gane Anti, na gode.

Lauya_Mai_Jiran_Gado
Tunda ana lissafa waɗanda za a guje wa, a ƙara da "aggrieved". Tana kama da "grieve", wato jimamin mamaci, shi ya sa wasu ke rubuta "the aggrieved family". Amma "aggrieved" wanda aka zalunta ne ko aka tauye wa haƙƙi, kamar 'yan jam'iyyar da suka fusata bayan zaɓen fid da gwani, ko mai ƙara a kotu. Iyalan mamaci "the bereaved family" ne.

Rini_da_Saƙa
Ni kuma in ba ku wata ma'anar da ba a zata ba. Na karanci fasahar tufafi, kuma a darasin rini akwai abin da ake kira "saddening". Bayan ka rina zare da launin itace, sai ka tsoma shi a ruwan da aka narkar da gishirin ƙarfe, wasu ma tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa suke jiƙawa. Kana kallo launin zai dushe: rawaya mai haske ta koma kore-kore mai duhu, ja ya koma ruwan ƙasa, in akwai bagaruwa a ciki ya tafi toka-toka har baƙi. Masu jima da dukawa sun san wannan haɗin na bagaruwa da ƙarfe tun kaka da kakanni, da shi ake baƙanta fata. To Bature "sadden" yake kiran wannan dusar da launi. @Ɗan_Fagge ga inda baƙantarka ta zauna daram.

Ɗan_Fagge
Allah ya biya ki Yaya. Kun gani ko?

Malam_Nahawu
Wannan ta rini tsohuwar ma'ana ce da ta saura, kuma tarihin kalmar ya bayyana ta. A tsohon Turanci, sama da shekara 1000 da suka wuce, kakar "sad" ba baƙin ciki take nufi ba, ƙoshi take nufi. 'Yar uwarta tana nan a Jamusanci, "satt", wanda ya ci ya ƙoshi, kuma danginsu ɗaya da "satis" ta Latin, wadda ta ba da "satisfy". Daga ƙoshi ta koma gajiya da abu, kamar dai yadda muke da na ƙoshi da na ƙosa. Daga nan ta ɗauki ma'anar nauyi, tauri, kamewa. A da mutum mai natsuwa wanda ba ya wasa ana ce masa "sad". Dutsen guga na ƙarfe zalla da ake ɗorawa a wuta sunansa "sad iron", saboda nauyinsa. Har yanzu a wasu yankunan Ingila burodin da ya ƙi tashi ya cure ana ce masa "sad". Ma'anar baƙin ciki ta kafu ne wajen ƙarni na 14, ita kuma "sadden" da ma'anar da muke magana a kai sai a ƙarni na 17 ta bayyana.

Shi ya sa nake ganin nauyi ne a zuciyar kalmar, ba zafi ba. Fushi zafi ne, yana tashi sama. Wannan kuwa sauka take yi. Jikina ya yi sanyi da Hajiya ta kawo ya fi duk sauran kama wannan yanayin, ko da yake ba za ka sa shi a ƙamus a matsayin fassara ba.

Maman_Iman
Kai, na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da abin da na tambaya. Ga abin da na rubuta, a duba min:
"We are deeply saddened by the passing of your dear mother. Please accept our heartfelt condolences. May God comfort you and your family."

Anti_Malama_SS3
Ba kuskure ko ɗaya. "Saddened by" daidai ne in suna ya biyo baya, "saddened to hear" ko "to learn" in aiki ne. "Passing" kuma ta fi "death" laushi, kamar rasuwa da mutuwa a wurinmu. Kin kyauta da ba ki sa "demise" ba, jaridunmu suna sonta amma ta yi tauri a saƙon da ke tsakanin mutanen da suka san juna.

Zee_Leeds
Ya yi kyau. Ni dai da zan ƙara layi ɗaya da ba na kowa ba, wani abu da kuka sani game da mahaifiyar ko yadda shugabar take yawan ambatonta. Layin farkon nan duk wanda ya aiko mata saƙo shi zai rubuta.

HajiyaTudunWada
Kuma ku tashi ku je gidan, 'yata. Ku haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa ku kai. Mutanen kudu bikin binnewarsu yakan ɗauki makonni kafin a yi, ku tambayi ranar, ko mutum biyu ne su wakilce ku. Takarda ba ta zaman makoki.

Abba_Kurna
Tambayarta ta biyu fa? Kowa ya manta da ƙawar.

Zee_Leeds
Gaskiya ne. "You saddened me" ba kuskuren nahawu ba ne, amma ni ban taɓa jin wani ya faɗe ta a hira ba. Ga ƙawa cewa ake "that really hurt me" in abin ya yi ciwo, ko "I was upset" in da ɗan fushi a ciki. Akwai kuma abin lura: in ka ce wa mutum ido da ido "it saddens me that you did this", ba sassauci ka yi masa ba. Magana ce ta babba ga ƙarami, irin ta shugaban makaranta ga ɗalibin da ya ba shi kunya. Ƙawa za ta iya jin kamar kin ɗora kanki a samanta.

Ɗan_Ƙwallo_Jos
"Upset" ita ce ɓata rai sak. Ma'anarta ta zahiri kifar da abu. Shi ya sa in ƙaramar ƙungiya ta doke babba ake ce masa "upset", kamar yadda Senegal ta ci Faransa 1 da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002, ko Saudiyya ta ci Ajantina 2 da 1 a Ƙatar a 2022. Har ciki ma, "upset stomach" ɓacin ciki ne, kun ga mu ma ɓaci muka sa a wuraren biyu. Kuma ba ta canzawa in abin ya wuce, "she upset me yesterday" ake cewa, ba a ƙara mata "ed".

Tafinta_Kaduna
Ɗan Ƙwallo ya kawo abin da ya raba gardamar a wurina. In ɓata rai ta tafi ga "upset", ƙona rai ko cin rai ya tafi ga "hurt" da "annoy" gwargwadon zafinsa, sanyaya gwiwa ya tafi ga "dishearten", to abin da ya rage wa "sadden" shi ne wanda babu faɗa a cikinsa: alhini, jimami, juyayi, sosa rai.

Almajirin_Zaure
Ban yarda a rufe ƙofar gaba ɗaya ba. Akwai lokacin da aboki zai yi maka abu, ba ka yi fushi ba, ba ka ƙullace shi ba, kawai dai abin ya yi maka nauyi saboda ba ka zaci haka daga gare shi ba. In Maman Iman haka take ji game da ƙawarta, "upset" ta yi mata yawa, don za ta nuna rigima inda babu. A irin wannan ban ga aibin ta rubuta mata cewa abin da ya faru "saddened me" ba, musamman a saƙo, ba baki da baki ba.

Zee_Leeds
Malam, in abin da ya faru ne ya zama mai aikin, kamar "what happened saddened me", na yarda, wannan yana shiga. Wanda na ce a guje wa shi ne a sa "you" a gaba. Amma ko a hakan ni "it made me sad" zan rubuta wa ƙawata, ta fi kama da maganar mutum.

Ɗan_Fagge
To ai kun dawo gidana. In ƙawa ce ta yi abin, akwai wanda ya aikata, Hajiya kuma ta ce baƙanta da mai laifi take tafiya. Ke nan a tambaya ta biyu baƙanta rai ce fassarar.

HajiyaTudunWada
A ta biyun na ba ka rabi, ɗana. In ta ce ƙawarta ta baƙanta mata rai, Hausa ce mai kyau. Sai dai Malam na zaure cewa ya yi ba ta ƙullace ta ba, baƙanta kuwa ba ta rasa ɗan ƙulli. Ni a nan ban ji daɗi ba kawai zan ce.

Maman_Iman
Saƙon ta'aziyyar ya tafi, na ƙara layin da Zee ta ce, kuma mun sa ranar Asabar za mu je gidan in sha Allah. Batun ƙawar tawa kuwa, Bahaushiya ce, Turancin ma a waya kawai muke yinsa. Ina ganin kiranta zan yi.

Khalifa_04
Malam Nahawu, tunda akwai "sadden" da "gladden", me ya sa babu "happen" da ma'anar faranta rai, daga "happy"?

Malam_Nahawu
"En" ɗin nan gajerun sifofi masu gaɓa ɗaya take bi, kuma ba duka ba, galibi masu ƙarewa da baƙi mai ƙarfi irin "d", "t", "k", "p". "Happy" gaɓa biyu ce, don haka sai dai "make happy". Amma ba ka yi nisa da gaskiya ba, "happen" da "happy" tushensu ɗaya, tsohuwar kalma "hap" mai nufin sa'a ko abin da ya faɗo wa mutum. Buɗe mata sabon zare in kana so, kada Admin ya sake yi mana magana.